BIJIMI DA ƳAƳANSA AKE GANE SHI
Rahoton ziyarar gani da ido a gonakin shanun ƙasar Barazil



Kowane falke ya san cewa tun daga kasuwar daji har zuwa kwata, kusan duk abin da muke biya a kan kai ake lissafa shi. Duwan a kan kai take karɓa, haka la'adar dillali, haka kuɗin shiga kara, haka abin da ake ajiyewa a shingayen hanya. Sa mai kilo 250 da sa mai kilo 400 ɗawainiyarsu ba ta da wani bambanci mai yawa, amma in an sauka Legas ko Kumasi, mahauci nama yake saye, bai damu da yawan ƙahoni ba. Tun da naira ta faɗi a 2016, ta kuma sake faɗuwa warwas a 2023, duk wanda ya kai shanu Najeriya ya juya kuɗinsa zuwa sefa ya san yadda riba ta ƙanƙance. Saboda haka zancen nauyin sa da saurin girmansa ya wuce na likitocin dabbobi kaɗai, ya zama zancen tukunyarmu.

Wannan ne ya sa wasu daga cikinmu muka haɗa guzuri muka nufi Barazil a ƙarshen watan Afrilu na 2025, don mu ga yadda mutanen can suke zaɓen bijimin da zai hau garke. Abin da muka gano ba shi da tsawo in za a taƙaita: su ba su yanke wa bijimi hukunci sai sun auna ƴaƴansa. Sauran bayanin ga shi nan dalla-dalla.

Me ya sa Barazil?

Da yawa za su ce me ya haɗa mu da ƙasar da ke bayan teku. To, abin da ya haɗa mu tozo ne. Shanun Faransa da Ingila ba su da tozo, kuma sanyi suka sani. Na Barazil kuwa mafi yawansu masu tozo ne da leɓe kamar namu, kuma a rana suke kiwo, ciyawa suke ci. Ƙidayar gwamnatinsu ta 2023 ta nuna suna da shanu fiye da miliyan 230, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Babu ƙasar da ta kai ta fitar da naman shanu a duniya, kuma Sin ce babbar mai sayensa.

Kimanin kashi 80 cikin 100 na shanun namansu jinin wata farar saniya ne da suke kira Nelori. Ka gan ta daga nesa ka ce Bunaji ce, sai dai ƙahonta gajere ne, ƙirjinta da kuturinta sun fi cika. Asalinta daga yankin Ongole na ƙasar Indiya ne. Akwai kuma Guzera mai manyan ƙahoni, da Gir mai dogayen kunnuwa wadda suka fi tatsa, da jar Sindi.

Abin da zai ba ka sha'awa shi ne fatake ne irinmu suka kafa wannan arziki. Tun ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, mutanen yankin Uberaba suka riƙa shiga jirgin ruwa da kansu zuwa Indiya suna sayo bijimai. Babban zuwa na ƙarshe shi ne na 1962, wanda a cikinsa aka kawo wani bijimi mai suna Karvadi da har gobe ake ambatonsa a asalin Nelori. Duk shanun da aka kawo daga Indiya, in an haɗa su, ba su kai 7,000 ba. Daga wannan ɗan iri ne aka sami miliyoyin nan. Ba yawan abin da suka sayo ne ya kai su nan ba, yadda suka riƙa tankaɗe da rairaya ne shekara bayan shekara.

Aikin ido

Daga Sao Paulo inda jirgi ya sauke mu, tafiyar kusan kilomita 500 ce a mota zuwa Uberaba a jihar Minas Gerais. A nan ne hedkwatar ƙungiyar masu kiwon shanu masu tozo ta ƙasar take, wadda ake taƙaita sunanta da ABCZ. Ita ke shirya bikin baje kolin shanu na ExpoZebu kowace shekara a filin Fernando Costa. An fara shi a 1935, kuma na 2025 shi ne karo na 90.

A filin gasa, alƙali yana duban bijimi kusan yadda tsohon dillali ke dubansa a kara. Yana duban tsawon jiki da faɗin ƙirji da zurfin haƙarƙari. Yana duban cikar nama a gadon baya da cinya. Yana sa a ja shi ya yi tafiya don ya ga tsayuwar ƙafafu da lafiyar kofato, tunda bijimin da ƙafarsa ta baya ba ta da ƙarfi ba zai iya hawa ba. Yana kuma duban fatar cibiya: in ta yi tsawo tana reto, maki ya ragu, don ciyawa da ƙaya za su riƙa yankar ta har ta kumbura ta hana shi aiki. Duk wannan mun san shi, ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Bambancin kawai su kowane sashe maki suke ba shi a rubuce.

Amma fa mai karatu ya sani, shanun baje koli ƴan gata ne. Ana yi musu wanka da sabulu, ana ba su abinci na musamman tun suna maraƙa, wasu ma har fanka ake kunna musu. A 2023 an sayar da kashi ɗaya cikin uku na wata saniya mai suna Viatina-19 a kan kuɗin da ya sa darajarta duka ta kai wajen dala miliyan 4. Irin wannan ciniki na attajirai ne, ba da shi ake ciyar da ƙasa ba. Masu gonakin da ke kai shanu mayanka sun faɗa mana ƙarara cewa kambun gasa ba shi ne abin da suke fara tambaya ba. Kitsen da bijimi ya yi a turke ba ya bin jini. Abin da ya ci nasa ne, abin da ya gada shi ne zai ba ƴaƴansa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to su mutanen nan sun yarda da ido, amma ba su ajiye mudun ba.

Sikeli da littafi

A gonar da ta shiga tsarin ƙungiyar, ranar da aka haifi maraƙi ake ba shi lamba, a rubuta uwarsa da ubansa da ranar haihuwa da nauyinsa. Daga nan kowane wata uku sai ya hau sikeli. Ana daidaita lissafin a kan shekaru uku na awo: wajen yaye, da shekara ɗaya, da wajen shekara ɗaya da rabi. Nauyin yaye yana nuna nonon uwa da jinin maraƙin a haɗe. Nauyin shekara ɗaya da rabi kuwa na maraƙin ne shi kaɗai, don a lokacin ya sha rani ɗaya ba tare da uwarsa ba.

Babbar ƙa'idar da suka kafa komai a kanta ita ce ba a gwada dabba sai da tsararta. Tsara a wurinsu ita ce maruƙan da aka haifa a gona ɗaya, a lokaci ɗaya, jinsi ɗaya, suka ci ciyawa ɗaya suka sha ruwa ɗaya. Ba za ka ɗauko maraƙin damana ka gwada shi da na bazara ka ce wannan ya fi wancan jini ba. Haka ba za ka gwada wanda ya sha dusa da ƙowa da wanda ya yini a daji ba. In tsara ashirin suka tashi tare, ɗaya ya fi sauran da kilo 20, to wannan rarar ita ake rubuta masa, ba nauyinsa duka ba.

Don su tabbatar da wannan, suna tara ƴan bijimai daga gonaki daban-daban a wuri guda su yi musu jarrabawa. A turke kwana 168 ake yi, a fili kan ciyawa kwana 294, kowa cima ɗaya. A ƙarshe a auna, a kuma ɗora musu na'urar hoton ciki irin ta asibitin haihuwa tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13, a ga faɗin tsokar baya da kaurin kitse tun dabbar tana da rai. Wasu wuraren ma kwamin abincin yana da sikeli da na'ura mai karanta lambar kunne, ta yadda za a san wanda ya ci kaɗan ya yi nama da yawa. Masu turka a cikinmu sun daɗe tsaye a wurin nan, don kowa ya taɓa ɗaure san da ya cinye masa buhu-buhu bai nuna ba.

Ciniki ma da awo ake yinsa. Ma'auninsu shi ne aroba, kilo 15 na nama bayan an feɗe an cire kai da ƙafa da fata da kayan ciki. Kullum ana sanar da kuɗin aroba kamar yadda ake sanar da canji. Mai gona da mai mayanka ba su sa hannu cikin riga, sikeli ke raba gardama.

Lambar da ake kira DEP

Duk bijimin da aka sa a kasuwa don iri yana da takarda, kuma a kanta akwai lambobin da suke kira DEP. Ma'anarta ita ce rarar da ake sa ran gani a jikin ƴaƴansa. Alal misali, bijimi na fari an rubuta masa ƙarin kilo 12 a nauyin shekara ɗaya da rabi, na biyu an rubuta masa ƙarin kilo 2. In aka ba su shanu mata iri ɗaya a makiyaya ɗaya, ƴaƴan na fari za su fi na biyu da kilo 10 in an yi raba-daidai. Ba wai kowane maraƙi ba, tunda rabin jini na uwa ne, kuma ko ɗaki ɗaya ba a haihuwar ƴaƴa kai ɗaya. Amma in aka tara su aka raba, haka lissafin zai fito.

Kusa da kowace lamba akwai wata da ke nuna ƙarfin shaida. Ɗan bijimin da bai haihu ba tukuna, da nauyinsa da na iyayensa da ƴan'uwansa aka yi masa lissafi, saboda haka shaidarsa mai rauni ce, lambar tana iya hawa ko sauka. Yanzu suna tsinko gashin wutsiya su kai ɗakin bincike a duba ƙwayoyin gadonsa, wannan yana ƙara wa shaidar ƙarfi. Amma bijimin da aka auna ƴaƴansa ɗari biyu a gonaki talatin, shi ne suke kira tabbatacce, kuma shi ne mai tsada. Kamar dai a gaban alƙali ne, shaida ɗaya daban, shaidu da yawa da ba su san juna ba daban.

A wata gona da muka kwana kusa da ita, mai gonar ya ware mana ƴan shekara ɗaya da rabi gida biyu, ƴaƴan bijimai biyu da suka tashi a fili ɗaya. Rukuni na fari sun fi cika baya da cinya, kuma kansu ɗaya kamar an zuba su a kwano. Na biyu akwai manya biyu-uku masu ɗaukar ido, sauran kuwa ƙanana ne marasa cika. Uban na fari da aka nuna mana matsakaici ne, ba ya cikin waɗanda za a tsaya kallo a kara. Uban na biyu kuwa hotonsa kawai muka gani, ƙato mai tozo kamar tulu, don tuni mai gonar ya tura shi mayanka bayan awon ƴaƴansa na farko. Ya ce mana kyan da ba ya sauka ga ƴaƴa, na mahauci ne.

A yi wannan lissafi da shanunmu. A ce garke yana ba da maraƙi 20 a shekara, kuma saboda kyan uba kowane ya ƙaru da kilo 15 ranar sayarwa. Kilo 300 ke nan, wato sa guda kyauta kowace shekara, ba a ƙara ko saniya ɗaya a rijiya ba, ba a ƙara biyan duwan ba. In bijimin ya yi shekara huɗu yana aiki, kilo 1,200 ne. Mugun bijimi kuma haka yake cin mai shi a ɓoye. Saniya mara kyau maraƙi ɗaya take ɓatawa, bijimi mara kyau garke yake ɓatawa.

Ƴaƴa mata su ne rabin shaida

Mu fatake idonmu a kan maza yake, amma mai gona a Barazil ya fi tambayar ƴaƴan bijimi mata. Yaushe suka fara haihuwa? Suna haihuwa kowace shekara ko suna tsallakewa? Suna yaye maraƙi mai nauyi? Sun daɗe a garke ko an fitar da su da wuri? A gonakin da suka yi nisa a zaɓe, ana sa wa karsana bijimi tana da wata 14, ta haihu tana da shekara biyu. Mu kuwa kowa ya san karsanarmu sai ta kai shekara huɗu ko kusa da haka, kuma da yawa shekara biyu suke yi tsakanin haihuwa da haihuwa. Yunwar rani tana da kaso babba a wannan, amma jini ma yana da nasa.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne tun bijimi yana ɗan shekara ɗaya suke hango wannan. Suna zagaya marenansa da igiyar awo su rubuta santimita. Bincikensu ya nuna wanda marenansa suka fi na tsararsa girma yana balaga da wuri, kuma ƴaƴansa mata ma da wuri suke ɗaukar ciki. Kafin a sake shi a garke kuma sai likita ya duba maniyyinsa a madubin asibiti. Wannan awo na marena ba ya buƙatar wuta ko kwamfuta, igiyar tela ta isa.

Suna kuma ba hali maki. Bijimi mai tunkuyi da firgita ba su barin sa ya yi iri, don sun tabbatar hali yana bin jini, kuma dabba mai firgita ba ta yin nama yadda ya kamata, tana kuma jin ciwo a mota. Duk wanda ya taɓa loda tirela a Maigatari ko Mubi ya san asarar da sa ɗaya mai hauka ke jawowa.

Garken da aka bari don shaida

A hanyar komawa Sao Paulo akwai garin Sertãozinho, inda wata tashar binciken dabbobi ta gwamnatin jiha take. Tun 1980 suka raba Nelori asali ɗaya. A wani garke, kowace shekara bijiman da suka fi tsararsu nauyi ake bari su hau. A wani kuma, matsakaita ake bari da gangan, don garken ya tsaya yadda yake ya zama abin gwaji. Makiyaya ɗaya, magani ɗaya, ba a shigo da wani baƙon jini don a ƙara musu girma ba. Yau fiye da shekara arba'in, in an jera su, ko yaro zai nuna maka waɗanda aka zaɓa. Wannan ya nuna cewa ana iya ɗaga irin shanu daga cikinsa, muddin za a yi haƙuri a dinga barin na kirki suna haihuwa.

Kada gani ya ja mu ga gaggawa

Tun muna can wasu suka fara tambayar kuɗin bijimi da kuɗin jirgi. A nan sai a yi hattara. Uberaba tana samun ruwan sama wajen milimita 1,500 a shekara, raninsu bai wuce wata biyar ba. Maraɗi da Damagaram ba su cika wuce 500 ba, raninmu wata takwas ne ko tara. Sansu yana cikin waya, ruwa na gabansa. Namu sai ya taka kilomita masu yawa kafin ya ga rijiya. Babu ƙudan tsando a Barazil, babu ciwon huhu, kuma a watan Mayu na 2025 hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ciwon baki da kofato, wato boru, ba tare da allura ba. Ma'ana jikin shanunsu bai san cututtukan da namu suka tashi a ciki ba. Kuma lambar DEP da aka auna a kan ciyawarsu ba alkawari ba ce a kan tamu.

Ƴan'uwanmu na Kamaru suna da labari a kan wannan. A farkon shekarun 1950 an kawo bijiman Brahman daga Amurka zuwa tashar Wakwa kusa da Ngaundere, aka haɗa su da Gudali. Ƴaƴan sun yi saurin girma, amma kirci ya kama su fiye da yadda yake kama Gudali tsantsa, har ya rage wa aikin armashi. Daɗin daɗawa, Nelori ba saniyar tatsa ba ce, nononta na maraƙinta ne. Bafulatanin da gidansa ke rayuwa a kan ƙwarya ba zai gode maka ba in ka canza masa garke zuwa shanun da ba su cika ta.

Wanda yake da gona da waya da rijiya kusa da gari, kuma ya nace sai ya gwada, to ɗurar maniyyi ta hannun likita ta fi sayo bijimi sauƙi da ƙarancin hatsari. Ya fara da shanu kaɗan, ya bar tsararsu na gida a gefe, ya auna duka biyu har shekara biyu kafin ya ƙara. A can mun ga ana gwanjon cikin da ba a haifa ba. Wannan kam mun san malamai sun hana cinikin abin da ke cikin ciki saboda garari. Hayar bijimi ta lokaci sananne kuwa malamanmu na Malikiyya sun halatta ta. Kowa ya nemi fatawa kafin ya sa kuɗinsa.

Abin da muke da shi a gida

Ba mu rasa iri ba. Muna da Azawak mai nono da juriya, wadda tashar Tukunus kusa da Filinge ta daɗe tana zaɓenta da littafi. Muna da Bokolo da Gudalin Adamawa masu nama, da Bunaji, da jar Bororo mai cin tafiya, da Kuri ta tafkin Cadi. Ko ciyawar da Barazil ke taƙama da ita daga Afirka aka kai ta. Mun ga gamba a can da idonmu, kuma irin da hukumar bincikensu ta Embrapa ta fitar a 1980 asalinsa daga Shika ne kusa da Zariya.

Ilimin asali ma ba mu rasa shi ba. Bororo zai lissafa maka kakannin saniyarsa ta wajen uwa har hawa da yawa ba tare da takarda ba. Ya san bijimin da ya haifi kowace, yana dandaƙe waɗanda bai yarda da su ba, yana kuma tafiya mai nisa don ya aro wanda ya ji labarin ƴaƴansa. Abin da ya rage shi ne awo, da kuma kasuwar da za ta biya shi ladan wannan ƙoƙari.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. In Babbar Salla ta gabato ko rani ya matsa, san da ya fi girma a garke shi ke fara fita, don shi ke kawo kuɗi. Maraƙin da ya fi tsararsa saurin girma shi mai turka ke fara kamawa. Wanda ya rage a garke yana hawa sau da yawa shi ne wanda kasuwa ta ƙi. In aka yi shekara ashirin ana haka, an yi aikin Sertãozinho ke nan amma a juye. Tsofaffin fatake da ke cewa shanun yanzu ba su kai na da ba, fari da ƙarancin makiyaya suna cikin dalili, amma wannan ma yana ciki.

Kuma lokaci ba zai jira mu ba. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin nama na Barazil mai suna JBS ya sa hannu da gwamnatin Najeriya a kan shirin zuba dala biliyan 2.5, wanda ya haɗa da masana'antun naman shanu guda biyu. Duk ranar da irin waɗannan suka fara saye, da sikeli za su saya, kuma shanu masu ƙuruciya masu kai ɗaya za su nema.

Shawara ga ƙungiya

Na ɗaya, kowane reshe ya yi karo-karo ya kafa sikeli a kara. Kafin a samu, igiyar awon ƙirji da ake zagayawa bayan tozo da ƙafafun gaba tana ba da ƙiyasi mai kyau, kuma ba ta da tsada.

Na biyu, duk mai turka ya buɗe littafi. Ya rubuta rugar da ya sayo kowane sa, da uban in an sani, da awonsa ranar ɗauri da ranar sayarwa, da buhun da ya ci. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Bayan zubi uku zai san garken da ya kamata ya koma.

Na uku, in makiyayi ya kawo bijimin da aka san ƴaƴansa da kyau don matsi ya kama shi, kada a loda shi zuwa kudu. A nema masa mai garke a cikinmu, ko reshe ya saye shi ya ba da shi haya ko aro.

Na huɗu, mu riƙa ƙara wa makiyayi wani abu a kan maruƙan da suka fito daga sanannen uba, kuma mu faɗa masa dalili. Abin da falke ke biya shi makiyayi ke haifarwa.

Na biyar, mai sayen bijimi don iri ya je ruga da kansa. Ya ga uwar, ya ga ƴan'uwan, in ya taɓa haihuwa ya ga ƴaƴan tare da tsararsu, ya duba marena da cibiya da ƙafa da hali. Kuma kada a bar bijimi ya daɗe a garke har ya hau ƴaƴansa.

Wannan aiki ba na damana ɗaya ba ne. Saniya wata tara da ƴan kwanaki take ɗauke da ciki, kuma kafin ka ga jikokin bijimi sai an yi shekara shida ko bakwai. Mutanen Uberaba da suka shiga jirgin ruwa zuwa Indiya ba su ga abin da muka gani ba, jikokinsu ne ke ci. Muna roƙon shugabannin rassa su sa zancen sikeli da littafi a taronsu na gaba, kuma duk wanda ya riga ya fara awo a turkensa ya aiko da abin da ya samu don a buga a fitowa ta gaba, kowa ya ƙaru.

Allah ya sa albarka a dukiyarmu, ya kiyaye hanya, ya ba mu damana mai kyau. Wassalam.